Rufin da Ba a Rubuta Ba

Babana mutum ne da idan ya ba ka hannu a kan magana, to an gama. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙin babbar mota, a loda masa kayan mutane ya kai su wata uwa duniya, kuma a faɗarsa bai taɓa cewa kowa ya rubuta masa komai ba. Ni kuwa, 'yarsa tilo, sai Allah ya yi ni akasinsa. A kantin magani nake aiki, ko 'yar takardar nan ta cikin kwali da kowa ke jefarwa sai na warware ta na karance ta tas. Shi ya sa idan na ba shi haushi yake ce mini Lauyar Gida, idan kuma muna shiri ya ce Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Tun da ya ajiye tuƙi, mahaifiyata kuma ta rasu, abu biyu suka rage masa a duniya: ni da tattabarunsa. Ban ma da tabbacin ni ce ta farko. A rufin tsohon gidanmu yake kiwonsu, a wani ɗakin katako da raga da ya haɗa da hannunsa. Da safe ya hau da kwanon tsaba ya buɗe musu, su tashi su yi ta kewaya unguwa. Da yamma ya tsaya ya ɗaga kai sama, ba ya saukowa sai ta ƙarshe ta shiga. Kowace da sunanta, har da wani ƙaton namiji mai kumbura wuya da yake kira Gwamna. Ni dai duk ɗaya nake ganinsu, tsuntsaye masu ɓata wa mutum shanya.

Gidan kuwa ya gaji. Bango ya tsage tun daga taga har ƙasa, idan ana ruwa sai mun jera bokitai a falo. Ana cikin haka Injiniya ya zo da shawararsa.

Injiniya ɗan maƙwabcinmu ne, gida da gida muka tashi, Yaya nake ce masa. Mahaifinsa da Baba aminai ne har mutuwa ta raba. Ya yi karatun gini, ya buɗe kamfaninsa, yana sayen tsofaffin gidaje yana tayar da benaye. Bari in faɗa tun yanzu, don kada wani ya zaci labarin macuci zan ba shi: Injiniya ba macuci ba ne. Da macuci ne da abin ya zo mini da sauƙi, da na sami wanda zan zaga in huce.

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba, kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ce, “Baba, filin nan ya fi ƙarfin gidan da ke kansa. Ka ba ni shi in rushe, in gina bene mai sassa da yawa, in sayar ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma in ba ka sashe guda, naka na kanka, da takardarsa da sunanka. Ba yoyo, ba gyara.”

Na yi zaton Baba zai tambayi faɗin ɗakuna, ko yaushe za a gama. Ina! Tambaya ɗaya ya yi.

“Tattabaruna fa?”

Injiniya ya yi dariya. “Na san da su, Baba. Hawan ƙarshe zan ba ka. Rufin naka ne, ka yi kiwonka har ka gaji.”

Baba ya miƙa masa hannu, suka tafa. A wurin Baba ciniki ya faɗa tun a nan, sauran duk ɓata lokaci ne irin na 'yan boko.

Ranar sa hannu muka tafi ofishin lauya mu uku. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a saman wani kantin takalma, fayiloli jibge har kan taga, fanka tana juyi tana ɗaga gefen takardu, sai da lauyan ya danne su da kofin shayinsa. Mutum ne siriri mai tabarau, ba ya gaggawa. Ya ɗauki yarjejeniyar ya shiga karantawa da ƙarfi, Baba yana hamma, Injiniya yana duba wayarsa, ni kaɗai na kasa kunne.

Da ya zo wani wuri sai ya dakata ya cire tabarau. “Baba, ina so ka fahimci wannan. Sayen sashe a bene ba kamar sayen gida a ƙasa ba ne. Abin da ke cikin bangonka huɗu naka ne. Amma matakala, da farfajiya, da tankin ruwa, da rufi, waɗannan na duk masu sassan ne, kowa da rabonsa a ciki.”

Na dubi Baba, ko gezau.

Lauyan ya ci gaba. “Kafin ka sa hannu, akwai tambayar da nake yi wa kowa. Shin akwai wani alkawari a tsakaninku da bai shiga takardar nan ba? A cinikin gida doka ba ta karɓar ‘ya ce, na ce’. Abin da aka rubuta aka sa wa hannu shi ne ciniki. Ga shi ma a ƙarshe an faɗa, duk maganar da aka yi kafin yau, takardar nan ta shafe ta.”

Na ce, “Akwai maganar rufi.”

“Uwata,” in ji Baba, a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

Lauyan ya juyo gare ni, na yi masa bayani a gurguje. Ya gyaɗa kai ya ce abin mai sauƙi ne, in dai yanzu ne. “A yau benen nan gaba ɗaya a hannun mutum ɗaya yake. Zai iya keɓe wa Baba rufin a takardar kafa benen, duk wanda ya zo saye ya tarar da shi haka, in ya ga dama ya saya, in bai ga dama ba ya bari. Amma daga ranar da aka sayar da sashe na farko, rufin ya bar hannunsa. Ko yana so ba zai iya ba da shi ba.”

Injiniya ya ajiye waya. Zan ba da shaida a kan wannan ko a gaban wa: cewa ya yi, “Baba, in kana so a rubuta, a rubuta. Ni ba komai.”

Wannan “in kana so” ɗin ita ta kashe mu. Da cewa ya yi “Lauya, rubuta,” da shi ke nan. Amma ya mayar wa Baba da zaɓi, Baba kuwa ya ji kamar an ce ya tashi a gaban baƙo ya ce bai yarda da ɗan amininsa ba.

Ya gyara zama ya ce, “Lauya, yaron nan a kan cinyata ya koyi riƙe sitiyari. Ranar da ubansa ya rasu ni na riƙe shi yana kuka. Yau kuma in ce sai ya rubuta mini? Ashe na lalace.”

Na ce, “Baba, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba don Yaya za a rubuta ba, don waɗanda ba mu sani ba ne.”

“Lauyar Gida, akwai lauya a ɗakin nan, ya ishe mu.”

Lauyan ya sake tambaya, har da kwantar da murya, ko akwai wani abu. Baba ya ce babu, ya karɓi biro ya sa hannu a duk inda aka nuna masa. A hanyar gida yana ta ba Injiniya labarin wata gada da ya taɓa hayewa da mota ruwa na tafe da ita.

Aka rushe gidanmu muka koma haya. Tattabarun muka kai su bayan gidan wani tsohon abokin aikin Baba, a kulle, don in an sake su wurin ginin suke nufa su jeru a kan katakon magina. Baba ma haka. Kullum yana can da 'yar kujerarsa yana kallon yadda ake ɗaura rodi ana zuba kankare, har leburori suka sa masa suna Mai Duba Aiki. Duk hawan da aka ƙara sai ya ɗaga kai ya ce, “Za su sha iska.”

Ba zan yi ƙarya ba, ranar da muka tare na ji daɗi. Tayil mai sheƙi, famfo a kicin, tagogi manya da ake hango rabin gari. Injiniya kuma ya cika alkawari har da ƙari. Ya turo kafintocinsa suka yi wa tattabarun ɗaki a rufi, ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, ya damƙa wa Baba makullin ƙofar sama a hannu. Baba ya kaɗa mini makullin a fuska.

“To, Lauyar Gida, wannan a wane shafi aka rubuta shi?”

Na yi dariya na ce na tuba. Har ga Allah na so a ce ni ce na yi kuskure.

Muka yi wajen shekara lafiya lau. Sassan suka yi ta shiga hannun masu saye, yau ka ga motar kaya, gobe ka ji kukan jariri a hawa na biyu. Da aka sayar da na ƙarshe, masu sassan suka kafa kwamiti kamar yadda takardunsu suka tanada, Injiniya ya miƙa musu ragamar benen ya koma wani aikin a can gefen gari. Suka zaɓi shugaba, wata mata da ta yi ritaya daga banki, mai magana ɗaya, wadda ke zaune a ƙasanmu da 'yarta da jikanta.

Ƙorafi ya fara da kaɗan-kaɗan. Wata ta ce an ɓata mata zanen gado a igiya. Wani ya ce ya ga gashin tsuntsu a bakin tanki, shi fa ruwan nan 'ya'yansa ke sha. Baba ya sayi murfi sabo ya rufe tankin, ya shiga wanke rufin da tsintsiya da bokiti safe da yamma, tsoho da shi, yana nishi. Sai kuma maganar sola ta taso, kowa yana so a shimfiɗa farantan a sama don a huta da ɗaukewar wuta, kuma inda rana ta fi bugawa nan ɗakin tattabarun yake.

Duk wannan da na iya yin faɗa a kai, don bakina ba ya ciwo. Abin da ya ɗaure ni shi ne jikan Shugaba. Yaron yana da asma, kuma tagar ɗakinsa tana daidai ƙarƙashin inda tattabarun ke sauka su kakkaɓe jiki. Ba zan ce ƙarya suke yi ba, don a kantinmu suke sayen abin shaƙarsa, ni nake miƙa wa uwar da hannuna, kuma na ga yadda sayen ya yawaita.

Aka kira taro a ƙasa, wurin ajiye motoci, aka jera kujerun roba. Baba ya sa rigarsa mafi kyau. Ya kira Injiniya, shi kuma ya baro aikinsa ya zo da ƙurar siminti a takalminsa.

Shugaba ta yi sallama ta karanta abin da ya tara mu. Sannan ta ce, “Baba, muna jin nauyinka. Mun san kafin a san da mu kai ne a wurin nan. Ka yi magana.”

Baba ya miƙe. Bai iya doguwar magana ba. Ya ce a filin nan ya aurar da ƙannensa, a nan matarsa ta cika, kuma tsuntsayen nan kakanninsu a nan aka ƙyanƙyashe su. Ya ce bai ba da filin ba sai da aka ce masa rufin nasa ne. Ya nuna Injiniya. “Ga wanda ya faɗa, ku tambaye shi.”

Injiniya ya tashi ya ce, “Gaskiya ne. Ni na yi masa alkawari, da bakina. Ina roƙonku ku bar masa.”

Shugaba ta dube shi ta saman tabarau. “Injiniya, lokacin da na zo saye, ka gaya mini haka?”

Ba ta jira ba, ta ci gaba.

“Ka ce mini rufi na kowa ne, ka nuna mini a takarda, na sa hannu, kai ma ka sa. Haka ka yi da duk wanda ke zaune a nan. Abu ɗaya ka ba Baba da baki, ka sayar mana a rubuce. Yanzu wanne za mu bi? Da na ga an rubuta akwai kiwo a sama, da ban kawo yaro mai ciwon ƙirji ƙarƙashinsa ba. Da na nemi wani wurin, ba faɗa ba tashin hankali.”

Ba wanda ya ɗaga murya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Aka ce kowane sashe ƙuri'a ɗaya. Masu son a kwashe tattabaru suka ɗaga hannu, wasu suna sunkuyar da kai. Da aka ce masu son a bar su, hannun Baba kaɗai ya tashi, ya daɗe a sama yana waige-waige. Ni ba ni da ƙuri'a, Injiniya ma ba shi da ita, don bai bar wa kansa ko ɗaki ɗaya a benen ba.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na koma wa lauyan nan. Ya gane ni tun daga ƙofa. Na zazzage masa komai, har da cewa Injiniya ya amsa a gaban jama'a, ga shaidu cike da wuri.

Ya ce, “'Yar'uwa, ba a musun ya faɗa. Amma ko ya rantse a kotu, ba zai ba da abin da ba nasa ba. Yanzu sai in masu sassan ne da kansu suka yarda a canza takardar benen, kin kuwa ga yadda hannuwa suka tashi.”

“To a yi ƙarar Injiniya.”

“Babanki ya sa hannu cewa babu wata magana a waje. Ko da an yi nasara ma, kuɗi za a ba shi, ba rufi ba. Kuɗi yake nema?”

Na ce a'a.

Ya mayar da tabaransa ya ce, “Ranar da kuka zo, layi biyu ne kawai.”

Na sauko matakalar ina hawaye, mai kantin takalma yana kallona. Haushin Baba nake ji, da na Injiniya, da na lauyan da ya fiye gaskiya. Da na sani ƙeya ce, kuma ba ni da wanda zan kai wa ita.

Da na isa gida na tarar Baba ya riga ya miƙa makullin sama ga maigadin benen. Ban gaya masa inda na je ba, shi ma bai tambaya ba. Na yi niyyar in ce masa “ai na faɗa maka”, maganar ta zo har bakina. Sai na ga yadda ya zauna ya zuba hannuwa a kan gwiwa, na haɗiye ta na shiga kicin.

Injiniya ne ya samo mafita, ko abin da muka zaci mafita ce. Ya san wani mai kiwon tattabaru a bayan gari, mutumin kirki, mai fili da bishiyoyi. Ya kawo motar kamfani, aka zuba su a kwanduna, aka kwance ɗakin katakon aka tafi da shi. Baba ya raka su, ya dawo yana yabon wurin, yana cewa sun ma fi samun sarari. Mai kiwon ya kulle su na wani lokaci don su saba, sannan ya buɗe.

Ranar da ya buɗe, kafin la'asar suna rufinmu.

Maigadi ne ya hau ya ƙwanƙwasa mana. Suna nan jere a kan bangon rufi, wasu suna tafiya a tsakanin farantan sola, daidai inda ɗakinsu yake a da. Babu tsaba, babu ruwa, babu wurin shiga. Baba ya roƙi makulli, ya hau ya kira su da ɗan fito, suka sauko masa har kafaɗa, ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Aka sake kulle su, aka daɗe fiye da na farko. Aka buɗe, suka sake dawowa.

A karo na uku Shugaba ta hawo da kanta. Ba ta zauna ba. Ta ce jikanta ya kwana a asibiti, kuma kwamiti ya yanke shawarar kiran masu maganin ƙwari da ɓeraye, su san yadda za su yi da tsuntsayen. “Ban so ka ji a bakin wani ba, Baba. Ka yi haƙuri. In akwai abin da za ka iya yi kafin su zo, ka yi.”

Baba ya ce, “Allah ya ba yaron lafiya. Ba za su sake dawowa ba.”

Na tambaye shi ta yaya. Ya ce in ɗauko almakashin ɗinkin mahaifiyata in biyo shi.

A bayan gari, a ƙarƙashin wata bishiya, mai kiwon ya kawo mana benci. Ya yi wa Baba tayin shi zai yi, don ya saba. Baba ya ce a'a, ba wanda zai taɓa su. Ashe dabarar ita ce a datse dogayen gashin fiffike ɗaya, yadda tsuntsu ba zai iya tashi sama ba sai dai tsalle daga ƙasa zuwa kan akwati. Kafin sabon gashi ya fito ya yi ƙwai a wurin, ya yi 'yan shila, sai ya haƙura ya zauna.

Ni nake riƙewa, shi yana yankewa. Ban taɓa riƙe tattabara ba sai ran nan. Ashe haka suke da ɗumi, zuciyarsu na bugawa a tafin hannu da sauri-sauri. Baba zai ware fiffiken a hankali, ya kira sunanta, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, sannan in ji ƙarar almakashi. In na sake ta sai ta yunƙura za ta tashi, ta karkace ta faɗo gefe guda, ta tsaya tana kallonmu. Gwamna da ya faɗo sai ya miƙe ya kumbura wuya, ya shiga kewaya benci da ƙafa.

Haka Baba ya yi ta yi har ya gama. Ya goge almakashin a rigarsa ya miƙo mini. Muna cikin mota, ya jingina kai da gilashi, sai ya ce, “Uwata, ranar sa hannu uban Injiniya nake gani a wurin, shi ya sa. Na manta bene ba ya zama na mutum biyu.”

Na ce, “Ya wuce, Baba.”

“Ba zan ƙara zuwa nan ba, in suna ganina ba za su zauna ba. In kuma wata ta dawo, kada ki gaya mini.”

Rayuwa ta ci gaba a hawan ƙarshe. Wuta ba ta ɗaukewa, yaron Shugaba ya samu sauƙi har yana buga ƙwallo a farfajiya, in ya gan ni ya gaishe ni da ladabi. Injiniya yakan zo da kayan marmari, ya zauna a ƙasa, su yi shiru shi da Baba, ya tashi ya tafi. Baba bai taɓa yi masa gori ba. Ya dai daina tashi da wuri, da yamma kuma sai ya ja kujera bakin taga ya zauna har duhu ya fara.

Bayan wasu watanni, wata ranar hutu, na karɓi makulli wurin maigadi na hau shanya, tun da rufin na kowa ne, har da ni. Ina cikin matse zani sai na ji motsi a bayan tanki. Tattabara ce guda ɗaya, mai ruwan toka, fiffikenta ɗaya bai gama cika ba, gashin wani dogo wani gajere. Ban san yadda ta yi ta iso ba. Ban ma san sunanta ba. Tana ta kai da komo a kan simintin, tana tsattsagar wurin da babu komai.

Na tafa hannu. Ta tashi da ƙyar ta yi kewaye ɗaya ta sauka. Na kaɗa mata jiƙaƙƙen zani, ina cewa tafi, tafi mana, don Allah ki tafi. Ta sake tashi, ta zagaya ta gefen tagoginmu, ta dawo ta sauka a kan tanki. Na yi ta korarta har hannuna ya gaji, sannan ta haye can ƙarshen bango inda ba zan kai ba, ta lafe.

Na kulle ƙofar na sauko, na tsaya a bakin namu sashen na goge fuskata da kyau, na shirya abin da zan ce idan ya tambayi dalilin daɗewata. Na shiga da bokiti. Yana tsaye a bakin taga, ya ba ni baya, hannunsa ɗaya riƙe da labule.

Bai juyo ba ya ce, “Ta rame?”

Na ce, “Ta rame, Baba.”

Sannan ya ja labulen ya rufe tagar, ya juya kujerarsa ta fuskanci bango, ya zauna.